Yadda ake cire na'urar auna iska mai marfi a tsohuwar motar tsere, a sa sensar MAF

Tambaya ɗaya masu tsofaffin motocin tsere suke ta maimaita mini: ta yaya ake cire akwatin alminiyon nan mai marfi da ke bayan matatar iska, a sa sensar zamani mai auna nauyin iska, wato MAF, a gurbinsa? Masu Porsche 944 da 911 Carrera 3.2, da BMW E30, da Datsun 280Z, da Mazda MX-5 ta farko mai injin 1.6, duk ciwonsu ɗaya ne. Ga amsar nan dalla-dalla, amma ka riƙe wannan tun yanzu: ɗaura sensar kanta ba ta cin yini guda. Abin da ke cin lokaci da kuɗi shi ne sa tsohuwar ƙwaƙwalwar motar, wato ECU, ta fahimci abin da sabuwar sensar take gaya mata.

Dalili kuwa, tsohuwar na'urar yawan iska take aunawa. Iska ta tura marfi, marfin ya ja ɗan hannu a kan layin gawayi, wutar da ke zuwa ECU ta canza. Ita MAF nauyin iska take aunawa, ta hanyar duba yadda iskar ke sanyaya wata siririyar waya ko wani ɗan faranti da ake ɗumamawa da lantarki. Iska ɗaya za ta bi ta cikinsu, amma wutar da kowacce za ta fitar daban ce.

Kada kuma ka sa rai da wani ƙarfi na a zo a gani. A injin da ba a taɓa shi ba, ƙarin ƙarfin kaɗan ne. Ribar ita ce totur ya riƙa amsawa da wuri, ka kuma rabu da layin gawayin da ya cinye, wanda samun sabonsa ke ƙara wuya kullum. Inda aikin ke biyan kansa sosai shi ne injin da aka ƙara wa girma ko aka sa masa turbo, wanda marfin ya zame masa shamaki.

Mataki na 1: Fara tabbatar da lafiyar injin

Da yawa daga masu zargin na'urar auna iska ba ita ce matsalarsu ba. Kafin ka sayi komai, duba waɗannan. Babban tiyon roba da ke tsakanin na'urar da totur, ka cire shi ka lanƙwasa shi a gaban haske, domin tsagewarsa a cikin ninki take ɓuya. Ƙananan tiyoyin da ke kan manifol, duk wanda ya bushe ka sauya shi. Auna ƙarfin mai: a yawancin waɗannan motoci masu tsarin Bosch, matsin bar 2.5 ne ko bar 3 idan an zare tiyon iska daga regileta, amma littafin motarka shi ke da magana ta ƙarshe. Duba fulogi, da taimin, da matsin kowace silinda, da sensar zafin ruwa, wadda idan ta lalace takan sa mota shan mai da baƙin hayaƙi kamar dai na'urar iska ce ta mutu.

Gargaɗi: idan ka yi saiti a kan injin da ke satar iska ta wani rami, saitin zai rufe matsalar ne kawai. Ranar da ka toshe ramin, duk aikinka ya tashi a banza.

Mataki na 2: Gane irin na'urar da ke motarka

A nan ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada, don haka kada ka yi gaggawa. Nemo zanen wayoyin motarka na shekararta daidai, sannan ka tabbatar da kowace waya da mita. Abubuwa huɗu kake nema.

Na farko, wutar da ECU ke ba na'urar. Motoci masu tsarin Bosch da ake kira Motronic, irin su 944 da 911 3.2 da yawancin E30 masu silinda shida, 5V suke bayarwa. Tsofaffin masu L-Jetronic, irin su 280Z, da wutar batir suke aiki, kuma ECU ɗinsu yana kwatanta wuta biyu ne da juna. Akwatin juya sigina (za a yi bayaninsa a mataki na 3) da ba ya iya fitar da abin da ya wuce 5V ba zai yi wa irin waɗannan aiki ba.

Na biyu, inda siginar ta dosa. Kunna makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka sa mita a wayar sigina, ka tura marfin a hankali da yatsa. A na Bosch masu Motronic wutar hawa take yi. A MX-5 mai 1.6 da wasu motocin Toyota sauka take yi yayin da marfin ke buɗewa. Duk MAF mai fitar da wuta kuwa hawa take yi, saboda haka a irin waɗannan motoci sai an kifa siginar.

Na uku, sensar zafin iska. Tana cikin tsohuwar na'urar, wani ɗan farin abu ne da ke leƙowa a bakinta. Idan ta Bosch ce za ka samu kusan ohm 2,500 a zafin digiri 20, kuma lambar tana raguwa idan aka hura mata zafi.

Na huɗu, makunnin famfon mai. Wasu na'urorin suna da shi a ciki: marfi na buɗewa, famfo ya samu wuta, injin na mutuwa, famfo ya tsaya. MX-5 1.6 da 280Z na farko-farko da Toyota da dama haka suke, kuma soket ɗinsu yakan kasance mai ƙafa bakwai. Masu Motronic ba su da shi, ECU ne ke kula da famfo ta hanyar rile.

Rubuta launin kowace waya da aikinta a takarda, ka ɗauki hoton soket ɗin ta gaba da ta baya. Zanen da ke cikin littafi wani lokaci daga ɓangaren na'ura aka zana shi, wani lokaci daga ɓangaren waya, kuma mutane da yawa sun ƙona ECU saboda sun karanta shi a juye.

Mataki na 3: Zaɓi hanyar da za ka bi

Hanyoyi uku ne.

Akwai akwatin juya sigina, wanda ke zama tsakanin MAF da ECU. Yana karɓar wutar MAF ya mayar da ita irin wadda tsohuwar na'urar za ta bayar. ECU ɗinka na asali yana nan yadda yake. Wannan ita ce hanya mafi araha, kuma ita wannan jagorar ta fi bi. Sai dai ka sayi wanda ake saita shi da kwamfuta a wurare da yawa bisa gudun injin. Masu ɗan maɓallin murɗawa biyu ko uku ba sa kai mutum ko'ina.

Akwai sauya cif ɗin cikin ECU da wanda aka rubuta masa lissafin MAF. Ga motocin da ake samun irin wannan haɗin a shirye, kamar 944 da E30, ita na fi so, saboda an riga an gyara lissafin zafin iska da na taimin a ciki. Sharaɗinta ɗaya: dole ka yi amfani da sensar da bututun da aka rubuta cif ɗin dominsu, ba mai kama da su ba.

Sai cire ECU gaba ɗaya a sa na zamani mai zaman kansa, irin su Megasquirt ko Haltech ko Link. Idan ka kai nan, yawanci ma ba ka bukatar MAF, sai ka yi aiki da sensar matsin manifol, wato MAP. Ita ce hanya mafi tsada kuma mafi cin lokaci, amma ga injin mai turbo ko mai kamshaft na tsere ita ce ta dace.

Wajen lissafin kuɗi, sensar kanta ita ce ƙaramin kaso. Akwatin ko cif ɗin ya fi ta tsada, mitar auna hayaƙi, wadda ke nuna rabon iska da mai, tana kusa da shi, kuma ladan gwanin saiti da hayar injin gwaji na daino suna iya zarce su duka. Wanda ya tanadi kuɗin kaya kawai, a rabin hanya zai tsaya.

Gargaɗi: a ƙasashen da ake gwajin hayaƙin mota, sauya wannan na'ura na iya hana motar samun takarda. Ka bincika dokar inda kake kafin ka kwance noti ɗaya.

Mataki na 4: Zaɓi sensar da ta yi daidai da injin

Babba ba ita ce mai kyau ba. Sensar da ta fi ƙarfin injin ba ta ganin ɗan iskar da ke wucewa a sulo, sai mota ta riƙa hawa da sauka. Ƙarama kuma takan kai ƙarshen awonta kafin injin ya kai nasa, mai ya gaza a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Ga yadda ake lissafi. Injin mai bugu huɗu yana shaƙar rabin girmansa a kowane juyi. Ɗauki injin mai lita 2.5 a juyi 6,000 a minti: 1.25 sau 6,000, lita 7,500 ke nan. Silinda ba ta cika fal, sai ka ɗauki kashi 85 cikin 100, ya zama lita 6,375. Kowace litar iska tana da nauyin kusan giram 1.2, wato giram 7,650 a minti, kusan kilo 460 a awa. Sai ka nemi sensar da awonta ya ɗara wannan kaɗan. Idan akwai turbo, ninka da matsin da zai bayar: matsin bar ɗaya na turbo yana kusan ninka iskar biyu.

Nemi mai fitar da wuta daga 0 zuwa 5V, irin su Bosch HFM5 da yawancin na Ford. Na GM da yawa da Bosch HFM6 bugun sigina suke fitarwa, ba hawa da saukar wuta ba, kuma ba kowane akwati ke karanta su ba. Ka guji tsofaffin masu waya irin na LH-Jetronic, domin suna bukatar ECU ya ƙona dattin da ke kan wayar bayan an kashe mota, naka kuwa bai san wannan aikin ba.

Sayi sensar da bututunta na asali. Lissafinta a kan faɗin wannan bututun aka yi shi, kana cusa ta cikin wani mai faɗi daban awon ya canza. Ka haɗa da soket ɗinta mai ɗan jelar waya.

Gargaɗi: jabun MAF sun cika kasuwa, da kwali da lamba kamar na gaske. Suna aiki, amma awonsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau daban gobe daban. Gara tsohuwa ta asali da aka gwada da sabuwa marar asali.

Mataki na 5: Haɗa kayan aiki

Mita mai nuna lamba, laftof da manhajar akwatin, mitar hayaƙi mai faɗin awo da sensarta, wadda yawanci Bosch LSU 4.9 ce, rile mai ƙafa huɗu, fis na amfiya 5 da gidansa, wayar mota mai jure zafi, filayar matse kan waya, robar rufe waya mai tsukewa da zafi, tiyoyin silikon masu haɗa bututu biyu masu faɗi daban, kilif masu kyau, ɗan ƙarfen da za a yi mariƙi, da namijin soket irin na tsohuwar na'urar. Wannan na ƙarshen shi zai hana ka yanke wayar motar. Ka ajiye abin kashe gobara kusa.

Mataki na 6: Sa mitar hayaƙi, ka ɗauki bayanan tsohuwar na'urar

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne zuciyar aikin. Muddin tsohuwar na'urar tana ɗan aiki, ita ce malamar da za ta koya maka abin da ECU yake son ji. Kada ka cire ta sai ka gama kwasar karatu a wurinta.

Fara da mitar hayaƙi. A yi wa salansa walda da noti mai zaren M18 x 1.5, bayan inda bututan suka haɗu, kafin tukunyar tace hayaƙi idan akwai. Ɓangaren wayar sensar ya karkata sama aƙalla digiri 10, kanta na kallon ƙasa, don ruwan da ke taruwa a salansa da safe kada ya kwanta a kanta ya fasa ta. Duk wani yoyo a salansa gabanta zai sa ta nuna mai ya yi kaɗan alhali ba haka ba ne.

Sannan ka ɗaura MAF na wucin gadi a gaban tsohuwar na'urar, tsakaninta da matatar iska, yadda iska ɗaya za ta ratsa su biyun. Ka ba MAF wuta, amma ka bar motar tana aiki da tsohuwar. Yanzu ka naɗi abu huɗu lokaci guda a laftof: gudun injin, wutar tsohuwa, wutar sabuwa, da awon hayaƙi. Yi haka a sulo, da juyi 1,500, 2,000, 2,500 har sama, da tafiya a kowace giya da ɗan totur, da rabin totur, da hawan tudu, da totur a ƙasa. Ka tsaya 'yan daƙiƙu a kowane hali don lambobin su natsu.

Abin da za ka samu shi ne jadawali: idan MAF ta ce kaza, tsohuwar tana cewa kaza. Shi za ka zuba wa akwatin, kuma da shi motar za ta tashi tun bugun farko. Wanda bai yi wannan ba lalube zai yi cikin duhu na tsawon makonni.

Idan layin gawayin ya cinye a wani wuri, za ka ga wutar ta yi tsalle a nan. Ka share waɗannan lambobin ka cike gurbinsu da na gefensu.

Gargaɗi: mutum ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya riƙe laftof. Gwajin totur a ƙasa kuma a kan daino ko filin tsere ake yinsa.

Mataki na 7: Cire tsohuwa, ka ɗaura sabuwa

Cire kan batir na nagatif. Zare soket ɗin ta hanyar ɗaga ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi. A MX-5 da Toyota akwai ƙananan sukurori biyu a gefen soket ɗin, kada ka kwance su ka ja, domin an liƙa ƙafafun da dalma daga ciki, kana ja za su tsinke.

Jikin MAF yana da kibiya, ta kalli injin. Ka ba ta miƙaƙƙen bututu gabanta gwargwadon abin da wuri ya bari, ko da ninki biyu ko uku na faɗinta ne, kuma kada ka manna ta a bayan gwiwar bututu. Iskar da ta fito daga kwana gefe ɗaya take bi, sensar kuwa ɗan wuri ɗaya take ɗanɗanawa ta yi hukunci a kan sauran. Ragar da ke bakinta don daidaita iska aka sa ta, masu cire ta wai don ƙarin iska sulo suke ɓatawa. Yadda ka ɗaura ta a mataki na 6, da matatar da kusurwar, ka bar su haka, domin ko juya ta ka yi a cikin tiyo awon na iya motsawa.

Duk iskar da za ta shiga injin dole ta bi ta cikin MAF. Tiyon bawul ɗin sulo da tiyon numfashin injin su koma bayanta. Na numfashin kuma ka nisanta shi da ita, saboda tururin baƙin mai yana ɓata farantin. A mota mai turbo, bawul ɗin da ke sakin iska idan an ɗaga ƙafa ya mayar da iskar cikin bututu bayan MAF, nesa da ita. Idan ya watsar da ita waje, ECU zai zuba man iskar da ta riga ta gudu, mota ta yi baƙin hayaƙi ko ta mutu a kowane canjin giya.

Yi mata mariƙi da roba a tsakani. Tsohuwar a ɗaure take da jikin mota, kada sabuwar ta rataya a kan tiyo tana lilo.

Gargaɗi: matatar iska mai shan mai, idan aka cika mata man, tana kashe MAF a hankali. Busasshiya ta fi. Idan kuma ka sa buɗaɗɗiyar matata, ka kare ta daga zafin salansa da iskar fanka.

Mataki na 8: Haɗa wayoyi

MAF tana bukatar 12V don ɗumama farantinta, tsohon soket ɗin Motronic kuwa ba shi da ita. Ja sabuwar waya daga batir, ta bi ta fis kusa da batir ɗin, ta shiga rile, makulli ya riƙa kunna rilen. Tabbatar wutar ba ta ɗaukewa lokacin da ake buga sitata. Wasu wayoyin makulli, irin na rediyo, suna mutuwa a wannan lokacin, sai mota ta yi ta juyawa ba ta tashi.

Kada ka taɓa ɗaukar wutar ɗumamawa daga wayar 5V ta ECU. Ba ta da wannan ƙarfin, za ta ƙone. HFM5 tana da ƙafa dabam da ke son 5V don kwatance kawai, wannan ba ta jan wuta sosai.

Nagatif ɗin MAF da na akwatin su haɗu a wuri ɗaya da nagatif ɗin sensocin ECU, ba a kowane noti da ka gani a jikin mota ba. Bayan ka tayar da injin, ka kunna fitilu da fanka, ka auna tsakanin nagatif ɗin MAF da na ECU. Bambancin kada ya wuce 0.05V. Ƙaramar lamba ce, amma a sulo kashi ɗaya cikin goma na V ya isa ya canza mai yadda za ka ji a jikin mota.

Siginar MAF ta shiga akwati, fitowar akwati ta shiga wayar da tsohuwar na'urar take ba ECU sigina. Akwatin yana kuma son siginar gudun injin, ka ɗauka daga inda littafinsa ya ce, domin nagatif ɗin koyil yana harba wuta mai ƙarfi da ba kowane akwati ke jurewa ba. Nisanta wayar sigina da wayoyin fulogi da altaneta. Matse kowane haɗi ka rufe shi da roba mai tsukewa. Murɗa waya a naɗe da salatif ba aiki ba ne a ɗakin injin.

Mataki na 9: Famfon mai

Idan na'urarka ba ta da makunnin famfo, wuce gaba. Idan tana da shi, motar za ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa biyu ko uku, saboda famfon yana samun wuta ne lokacin sitata kawai.

Abin da mutane ke yi shi ne su haɗe wayoyin biyu, ko a MX-5 su bar 'yar waya tsakanin F/P da GND a akwatin gwaji. Mota za ta yi aiki, amma famfo ba zai tsaya ba muddin makulli na kunne. Idan aka yi hatsari tiyon mai ya fashe, zai ci gaba da feso fetur a kan injin mai zafi. Wannan ba abin sassauci ba ne. Ka yi amfani da fitowar famfo ta akwatin juya sigina idan yana da ita, ko ka sa rilen da ke sakin wuta sai ya ji bugun injin. Gwada shi: injin na aiki, ka zare fis ɗin koyil, ka saurara. Famfon ya yi shiru cikin daƙiƙa biyu.

Mataki na 10: Zafin iska

Tsohon ECU yana ɗaukar yawan iska ya gyara shi da zafinta don ya samu nauyi. MAF ta riga ta ba da nauyi. Idan ka haɗa duka biyun kai tsaye, gyaran ya zama sau biyu: ranar sanyi mai ya yi yawa, ranar zafi ya yi kaɗan. Cif ɗin da aka rubuta don MAF ya magance wannan, akwatuna masu kyau ma suna da wurin soke shi.

Wasu sukan sa rizisto tsayayye a gurbin sensar, ECU ya riƙa ganin digiri 20 har abada. Yana kawar da gyaran biyu, amma a motocin da ECU ke rage taimin idan iska ta yi zafi, ka cire wa injin kariya ke nan. Ni na fi son a bar sensar gaske mai awo irin na tsohuwar a cikin bututu, a soke gyaran a cikin akwati. Abin da ba a yi sam shi ne barin wayar a sake, domin ECU zai ɗauka ana tsananin sanyi. Idan motar tana da sensar tsayin wuri, ita ma wannan matsalar gyara biyu ta shafe ta.

Mataki na 11: Tayarwar farko

Mayar da batir. Kunna makulli, kada ka tayar. Auna 12V a MAF, ka duba siginarta, wadda a HFM5 kusan 1V take idan iska ba ta motsi. Duba fitowar akwatin ta yi daidai da abin da tsohuwar take bayarwa idan marfi na rufe. Sai ka tayar.

Bari injin ya yi zafi sosai kafin ka taɓa komai. Zare sensar hayaƙi ta asali idan motar tana da ita, in ba haka ba ECU zai riƙa gyara mai a bayanka, kai kana ragewa shi yana ƙarawa. A sulo nemi 14.7 a mitar hayaƙi, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, ko kusan 14 idan tsohon injin ya fi natsuwa a nan. Idan mitar ta wuce 16 ko ta faɗi ƙasa da 11, kashe ka sake duba waya da yoyon iska.

Sukurun saita hayaƙi da ke kan tsohuwar na'urar ya tafi tare da ita, yanzu a jadawali ake wannan saitin. Kunna AC da fitilu, ka taka totur ka saki, ka ga ko sulo zai dawo ba tare da ya nutse ba.

Mataki na 12: Saiti a kan hanya

Daga ƙasa ake farawa. Tafiya da ɗan totur, 14.7. Rabin totur, tsakanin 13.5 da 14. Totur a ƙasa a injin marar turbo, 12.5 zuwa 13, mai turbo kuwa 11.5 zuwa 12. Canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, da kashi 2 ko 3 cikin 100, ka ajiye kowane saiti da sunansa. Kada ka bar wani gida a jadawali ya yi tsalle nesa da maƙwabtansa.

Za ka iya tarar da mota tana ɗan shaƙewa idan ka taka totur farat ɗaya. Tsohon marfin yana da nauyi, idan iska ta buge shi yakan zarce inda ya kamata na ɗan lokaci, wannan zarcewar kuma tana sa a ƙara mai, masu ƙera motar da ita suka yi lissafi. MAF ba ta zarcewa. Nemi wurin ƙarin man takawa a cikin akwatin ka ɗaga shi kaɗan-kaɗan har shaƙewar ta ɓace. Yawancin waɗannan motoci makunni ne kawai a totur ɗinsu, mai sanin rufe da buɗe duka, don haka wasu akwatunan sai an ƙara musu sensar totur ta gaske. Ka kuma tabbatar makunnin nan yana aiki, domin shi ke sa ECU ya koma lissafin cikakken totur.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: a Motronic, siginar iska ita ce kuma ke yanke taimin. Idan ka rage mai ta hanyar gaya wa ECU iska kaɗan ce, zai ɗauka injin ba ya ɗauke da nauyi, ya ƙara taimin. Mai kaɗan da taimin mai yawa su ke huda fistin, kuma da yawa daga waɗannan injinan ba su da sensar jin ƙwanƙwasa da za ta cece su. Kana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ɗaga ƙafa nan take. Idan gyaran da kake bukata ya wuce kashi 10 cikin 100, matsalar ba ta jadawali ba ce, ka koma kan ƙarfin mai da nozul, ko ka koma hanyar cif.

Mataki na 13: Sanyi, zafi da makonnin farko

Mayar da sensar hayaƙi ta asali. Gwada tayarwa da safe injin na sanyi, sannan ka gwada bayan doguwar tafiya da tsayawar minti goma, lokacin da zafi ya cika ɗakin injin. Idan ta yi gardama da zafi kawai, sensar zafin iska ce ta jiƙa da zafi, ka matsar da ita nesa da ƙarfe. Idan tana mutuwa in ka saki totur za ka tsaya, yawanci iska ce ke dawowa baya ta ruɗa MAF, sai ka ƙara nisa tsakaninta da totur ko ka sa wa akwatin iyakar da sigina ba za ta faɗi ƙasa da ita ba. Idan sulo yana canzawa duk lokacin da fanka ta tashi, ko dai iskar fankar tana dukan matata, ko nagatif bai zauna ba.

Bayan tafiyar kilomita ɗari ko biyu, sake ɗaure kowane kilif, domin silikon yana saki idan ya sha zafi. Zare fulogi ka duba launinsu, fari fat alamar ƙarancin mai ce. Idan MAF ta yi datti, da feshin da aka yi dominta kaɗai ake wanke ta, a bar ta ta bushe, ba a taɓa farantin da auduga ko yatsa, ba a kuma fesa mata na kafireta.

Tsohuwar na'urar da akwatin matatarta da tiyonta ka naɗe su ka ajiye a busasshen wuri tare da takardar launin wayoyin. Da yake ba ka yanke waya ba, mayar da ita aikin minti ashirin ne, kuma duk ranar da motar ta kawo wata matsala, mayar da ita ce hanya mafi sauri ta gane ko daga sabon haɗin ne ko daga injin.